Tsohon fim ɗin Jamaika na mawaƙin da ya ɗauki bindiga: a kalla ko a bari? Tambayoyi da amsoshi

Tun daren da muka kalli fim ɗin nan a ɗakina a Tudun Wada, mu bakwai har da ƙanena mai harkar waƙa, ban huta da tambaya ba, wanda ya ji labari a majalisa ya tambaya, wanda ya gamu da ni a Tsohuwar Kasuwa ya tambaya, har wani abokina daga Bauchi ya kira ni kusan sha ɗayan dare wai in gaya mishi gaskiya kar ya ƙona datarsa a banza. Shi ne na ce bari in tattara tambayoyin wuri ɗaya in amsa iya abin da na gani da idona.

Wai wane fim ne, kuma na wace ƙasa?

Sunansa The Harder They Come, na ƙasar Jamaika ne, ya fito a 1972. Wanda ya ba da umarni Perry Henzell, shi da Trevor Rhone suka rubuta labarin, jarumin kuma mawaƙin rege ne Jimmy Cliff, wanda ya rasu a Nuwamba 2025 yana da shekara 81. Lokacin da aka yi fim ɗin shekara 10 kacal da Jamaika ta samu 'yancin kai daga Ingila, don a 1962 suka samu, kuma shi ake lissafawa a matsayin cikakken fim na farko da 'yan ƙasar suka yi da kansu a ƙasarsu. Dattawanmu da suka yi zamanin garmaho da kaset sun san muryar Jimmy Cliff sarai, kawuna ma da ya leƙo ya gan shi a allo cewa ya yi, a'a, ashe yaron nan ya yi fim? Amma samarinmu na yanzu in ka tambayi goma da ƙyar ka samu ɗaya da ya taɓa jin sunan fim ɗin.

Kar ka ja mu da nisa, in kalla ko kar in kalla?

Ka kalla. Amma in abin da kake nema shi ne mota ta tashi sama ta kama da wuta, akta ya daki mutum talatin rigarsa ko ƙura, toh wannan ba naka ba ne, kar ka zo kana zagina daga baya.

Labarin me yake bayarwa?

Wani saurayi ne Ivan, ɗan ƙauye, kakarsa da ta riƙe shi ta rasu sai ya tattaro 'yan komatsansa ya hau bas zuwa Kingston babban birni, burinsa ɗaya a duniya ya yi waƙa a buga ta a faifai. Saukarsa ke da wuya wani mai tura amalanke ya yi mishi wayo ya gudu da kayansa kaf, har da ɗan tsarabar da ya riƙo wa mahaifiyarsa. Wallahi wurin nan duk ɗakin sai da aka yi tsit, don duk wanda ya taɓa sauka a tashar Legas ko Abuja karon farko da jaka a kai ya san wannan kallon da Ivan ya yi, kallon wanda bai ma san wa zai tambaya ba.

Ya nemi aiki ya rasa, ya je wurin gini an kore shi, ya bi unguwar masu kuɗi yana roƙon ko share tsakar gida ne an rufe mishi ƙofa, daga ƙarshe ya raɓe a wurin wani fasto yana 'yan aikace-aikace, a nan ya haɗu da Elsa yarinyar da faston yake riƙo, a nan kuma ya tsinci gangar jikin wani tsohon keke ya gyara shi da hannunsa ya zama abin hawa. Kan keken nan ne ya fara zubar da jini, wani ya ce keken nasa ne, suka kaure, Ivan ya zaro wuƙa ya tsattsaga mishi fuska, kotu ta yanke mishi bulala, kuma da tsumagiyar tsamiya aka zane shi, irin wadda muka sani ɗin nan. Bayan haka ya samu ya shiga sitidiyo ya yi waƙarsa, aka cuce shi aka saye ta dala 20 kacal, ya faɗa safarar tabar wiwi a babur, can ma ya ga na sama ne ke ci su ana jefa musu ragowa, ya yi magana aka sa mishi ido, ya harbe ɗan sanda, daga nan kuma sai gudu da ɓuya. Abin da zai ba ka haushi shi ne sai a lokacin ne waƙarsa ta karɓu, lokacin da hotonsa ke jarida ana nemansa ruwa a jallo.

Zan tsaya nan, sauran ka gani da kanka.

An ce hoton ba kyau, kaman a waya aka ɗauka?

Ba ƙarya aka faɗa maka gaba ɗaya ba. Da ƙaramar kyamara mai fim ɗin milimita 16 aka ɗauka, kuɗi ba su da yawa, aikin ma sai da ya riƙa tsayawa ana komawa neman kuɗi, shi ya sa wani wurin duhu ya yi yawa, wani wurin kyamarar na rawa, wani wurin za ka ji sautin bai zauna daidai da bakin mai magana ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito ba 'yan wasa ba ne, mutanen unguwa ne aka ce su yi abin da suka saba.

Amma ni wannan ɗin ne ya kama ni. Akwai inda aka nuna mata da yara suna tone-tone a juji suna neman abin da za su ci, tsuntsaye na shawagi a kansu, babu wanda ya yi musu kwalliya, babu wanda ya ɗinka musu tsumma don fim, haka aka same su. Gidajen kwano da katako, kwata a bakin ƙofa, allunan talla manya-manya na kayan da talaka ba zai taɓa saya ba suna kallon unguwar. In da kuɗi sun yi yawa da sun gina unguwar ƙarya a fili sun fesa mata datti na ƙarya, kuma da ido ya gane.

Turancinsu ana ji kuwa?

Da ƙyar. Yarensu na titi suke yi, Patuwa, wanda ko a Amurka sai da aka sa musu rubutu a ƙasan allo kafin su gane. In kana jin Burokin ɗinmu na Najeriya za ka riƙa tsintar wasu kalmomi, don akwai kama sosai a yadda suke jera magana. Ka nemi mai rubutun Turanci a ƙasa, mu haka muka yi, ni da wani malamin makaranta a cikinmu muka riƙa fassara wa sauran, muna tsayarwa muna komawa baya.

Me ya sa kake ta maganar dala 20 ɗin nan?

Don nan ne zuciyar fim ɗin take, kuma don nan ne ƙanena ya tashi ya fita waje.

Ivan ya yi waƙarsa a sitidiyo, ka gan shi gumi na zuba yana rera ta da dukkan ƙarfinsa, makaɗa na bin sa, kai mai kallo ka san abin ya yi. Mai sitidiyon, Hilton sunansa a fim ɗin, shi ma ya san ya yi. Sai ya miƙo takarda ya ce ya sa hannu a ba shi dala 20, shi ke nan, waƙa ta zama tasa har abada. Ivan ya ƙi, ya ce zai sayar da kayansa da kansa, ya ɗauki faifan ya bi gidajen rediyo da masu shaguna da masu sa kiɗa a wurin rawa, kowa ya ce mishi a'a, ba don waƙar ba ta da daɗi ba, sai don duk a hannun mutum ɗaya suke cin abinci, wanda ya sa waƙar da ba ta bi ta hannun Hilton ba gobe ba zai samu sabon faifai ba. Ya gama zagayensa ya dawo da ƙafarsa ya sa hannu ya karɓi dala 20 ɗin. Bayan ya fita kuma mai sitidiyon ya ce kar a cika sa waƙar, yaron mai taurin kai ne. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, an daɗe ana faɗa, amma ban taɓa ganin an nuna shi ƙarara haka ba.

Ƙanena shekara uku ke nan yana bin sitidiyo. Ya taɓa sayar da wayarsa ya haɗa da kuɗin da ya tara a wurin gyaran babur ya biya aka buga mishi kiɗa, ya rubuta baitocinsa a littafin makaranta mai layi, ya kwana biyu yana shiga yana fita. Wani da ba zan kama sunansa ba ya ji waƙar ya ce zai taimaka mishi ya kai ta inda za a ji, ya ba shi kuɗin da bai kai na buhun masara ba, babu takarda babu shaida, bayan 'yan watanni sai ga waƙar a wayoyin mutane an ɗan canja amshi, da muryar wani. Da na bi shi waje na same shi a jingine da katanga, ya ce min, Yaya, wallahi ko kallon da mutumin nan ya yi wa Ivan irin wanda aka yi min ne, kallon ka je ka dawo. Na ce mishi, ƙanena, shigo ka ga ƙarshensa tukun, don abin da ya yi bayan nan shi ne ba na so ka yi.

Waɗanda suka yi zamanin kaset da sidi sun san yadda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano suke riƙe da wuyan harkar fim da waƙa, in ba su karɓi kayanka ba ka zauna da shi a ɗaki. Yanzu kasuwar sidi ta mutu an koma YouTube da TikTok da masu tura wa mutane a waya, yaro zai iya sa waƙarsa da kansa, eh, amma je ka tambaye shi wa ke da tashar da aka ɗora, wa ke da lambar asusun da kuɗin ke shiga, da sunan wa aka yi rajista. Shi ya sa da yawa suka koma waƙar siyasa da ta biki, a can ko ba komai za a ba ka a hannu a ranar.

Ba ka ganin irin wannan fim zai ƙara koya wa yaranmu daba?

Wannan tambayar wani dattijo ne ya yi min ita bayan sallar isha'i, kuma ban raina ta ba ko kaɗan, don mu a Gombe mun san me ake kira Kalare, 'yan'uwanmu na Bauchi sun san Sara-suka, ba labari aka ba mu ba, mun ga yaran da muka yi makarantar allo tare sun koma yawo da adda da gora, wasu sun mutu wasu suna gidan yari. Na ce mishi, Baba, tsoronka gaskiya ne, akwai inda Ivan ya je wurin mai hoto ya sha ado ya riƙe bindiga biyu ana ɗaukarsa yana murmushi don a buga a jarida, yaro mai ƙaramin tunani zai iya ganin wannan ya ce shi ma haka yake so.

Amma fim ɗin da kansa ya san da wannan haɗarin, har ma shi yake nunawa. Tun farko-farko an kai Ivan silima ya kalli fim ɗin kaboyi, jarumin yana ta zubar da mutane, 'yan kallo na ihu, wani a cikinsu yana cewa ai akta ba ya mutuwa sai ƙarshen fim, daidai abin da muke faɗa a gidan kallo muna yara. Wannan maganar ce ta zauna a kan Ivan, ya ɗauka shi ne aktan, kuma a ƙarshe darakta ya dawo maka da fuskokin 'yan kallon nan da dariyarsu a lokacin da babu abin dariya. Duk wanda ya kalla har ƙarshe da hankalinsa ba zai tashi yana sha'awar zama Ivan ba. Sannan an nuna wa ke cin ribar ta'asar, mai sitidiyo ya sayar da faifai, jarida ta sayar da labari, babban ɗan sandan da ke karɓar kasonsa a harkar wiwi yana nan da kakinsa, yaron ne kawai ake bi da bindiga. In wannan bai tuna maka da yadda ake ɗaukar yaranmu lokacin zaɓe a watsar da su bayan an rantsar ba, toh ban san me zai tuna maka ba.

Duk da haka ni ba na wanke Ivan. An cuce shi, gaskiya ne, amma mutane nawa aka cuta a unguwar nan tasu ba su kashe kowa ba? Abokinsa Pedro yana nan, talauci ɗaya suke ciki, ga ɗa mara lafiya, bai zama haka ba.

Zan iya kalla da iyali?

A'a. Akwai tsiraici a wasu wurare, akwai shan wiwi a fili, akwai jini, wurin bulalar ma ba kowa zai iya kallo ba. Ba fim ɗin falo ba ne da yara da surukai. Wanda kuma ya ɗauki fatawar nisantar kiɗa gaba ɗaya ya sani fim ɗin cike yake da kiɗa daga farko har ƙarshe, akwai kuma wuraren wa'azi da waƙar coci masu ɗan tsawo, gara in faɗa maka tun yanzu.

Da gaske abin ya faru ko ƙirƙira ce?

Rabi da rabi. An yi wani ɗan ta'adda a Kingston da ake wa laƙabi da Rhyging, sunansa Vincent Martin, ana kuma kiransa Ivanhoe, ya tsere daga kurkuku ya yi kashe-kashe, jaridu suka yi ta yayata shi har 'yan sanda suka harbe shi a 1948. Daga shi aka ɗauko sunan da gudun da hotunan bindigar. Amma shi ba mawaƙi ba ne, ɓangaren waƙar daga rayuwar mawaƙan Jamaika na lokacin aka ɗebo, shi kansa Jimmy Cliff ɗan ƙauye ne da ya shigo Kingston yana yaro yana bin masu sitidiyo, shi ya sa in yana wasan ba ka ganin alamar wasa.

Waƙoƙin irin na fim ɗin Indiya ne, a tsaya a yi rawa?

Ko kusa. Babu inda saurayi da budurwa za su canja kaya sau biyar a cikin fulawa. Waƙar tana fitowa ne daga inda take fitowa a rayuwa, rediyo, sitidiyo, coci, wurin rawa, ko kuma a sa ta a ƙasa tana bin halin da mutum ke ciki, misali lokacin da Ivan ke yawon neman aiki yana kwana a titi akwai wata mai sanyi da aka sa wadda ko ba ka jin kalma ɗaya sai jikinka ya mutu. Ban da Jimmy Cliff akwai Toots and the Maytals, ana ma nuna su suna aiki a sitidiyo, akwai Desmond Dekker da Melodians. Faifan waƙoƙin fim ɗin, wanda kamfanin Island ya fitar, yana cikin abubuwan da suka fara kai rege kunnen duniya, kafin sunan Bob Marley ya game ko'ina.

In yana da kyau haka me ya sa ba a san shi ba?

A nan ne ba a san shi ba. A Kingston ranar da aka fara nuna shi a silimar Carib cunkoson ya wuce misali, mutane ne karon farko suke ganin unguwarsu da jin yarensu a babban allo. A Amurka da ya shiga a 1973 bai yi kasuwa da farko ba, sai da aka koma nuna shi da tsakar dare a silimun da ɗalibai ke zuwa, a hankali ya yi suna. Mu kuwa silimunmu Indiya da Chana da kaboyi suka cika su, waƙoƙin suka iso mu fim ɗin bai iso ba.

Ba abin da bai yi maka ba a ciki?

Akwai. Rabin ƙarshe yana gudu da yawa, abu na faruwa kafin ka gane dalili an wuce, harkar wiwi da 'yan sanda sai mun tsayar mun yi ta musu kan wa ya ci amanar wa. Elsa kuma an tauye ta, ita ce ta bar gidan da take ci take sha ta bi shi, ita ke yawon neman aiki, ita ke jinyar yaron Pedro, amma ba a ba ta bakin magana yadda ya kamata ba, ga wata mata da Ivan ya harba a ɗaki, fim ɗin ya wuce ta kaman ba mutum aka harba ba, wannan ya tsaya min a rai har yanzu.

'Yan fim ɗinmu za su iya yin irinsa?

Me zai hana? Kyamarar da ke hannun yaran da ke ɗaukar biki a Gombe yau ta fi wadda aka yi wannan fim ɗin da ita fitar da hoto. Labari kuma ga shi nan a zube, yaro ya taso daga Dukku ko Nafada ko Kumo ya sauka da jakar leda, ya kwana a shagon wani a Jekadafari, ya yi acaba ya tara kuɗin sitidiyo, a cuce shi, wani mai gida ya ce zo ka yi min waƙar zaɓe, daga waƙa a miƙa mishi abin da ya fi makirufo nauyi. Ba sai an ari gidan wani Alhaji mai bene da kujerun alfarma ba, ba sai an je Abuja ba. Abin da zai yi wuya shi ne a samu furodusan da zai yarda a nuna yadda ake cin gumin mawaƙi, alhali wataƙila a cikin abokan harkarsa akwai masu yi, sannan a yi shi cikin mutunci yadda zai wuce hukumar tace fina-finai, ba tsiraici ba koyar da shaye-shaye, wanda ni a ganina labarin ba ya buƙatarsu ma.

Toh yaya zan kalle shi don in ji daɗinsa?

Bai kai awa biyu ba, don haka ka ba shi dare ɗaya kar ka yanyanka shi. Ka nemi wanda aka gyara hotonsa mai rubutu a ƙasa, akwai tsofaffin kwafi masu dusu-dusu da in ka ci karo da su za ka tsani fim ɗin a banza. Kar ka kalla a waya da ƙaramar sifika a cikin hayaniyar majalisa, ka samu talabijin ko kwamfuta da sifika mai ɗan ƙarfi, ka tabbatar akwai caji ko mai a janareta, mu ana tsakiyar wurin sitidiyon aka ɗauke wuta sai da muka jira kusan rabin awa. Minti ashirin na farko a hankali suke tafiya, ka daure. In kuma kana da ƙane ko ɗa da ke bin sitidiyo ka zaunar da shi kusa da kai, in an zo wurin takardar nan ka tsayar ka tambaye shi waƙoƙinsa nawa ne a waje, kuma wanne ne a ciki yake da takardarsa a hannu. Nawa ƙanen da na tambaye shi, guda tara ya lissafa min, babu ko ɗaya.